Zama da tsohon ma'aikacin filaye a Asawase kafin sayen fom ɗin jami'a

Duk wanda ɗansa ya gama sakandare a Kumasi yana cewa shi harkar filaye da gina gidaje yake so, shawarata ita ce ya kai shi wurin dattijon nan na Asawase tun kafin a sayi fom ɗin kowace jami'a. Ni na kai babbar 'yata, na biya sidi 200, kuma har yau ban ji zafin kuɗin ba. Akwai inda aikinsa ya gaza, zan faɗa a gaba ba tare da ɓoye-ɓoye ba, amma alherin ya rinjaya nesa ba kusa ba.

Ni dillalin filaye ne, haifaffen Aboabo. Tun zamanin Rawlings nake kai mutane ganin fili a Parkoso da Kenyase da Abirem, lokacin da duk wuraren nan gonaki ne da daji. Na san sarakunan ƙauyukan, na san masu magana da yawunsu, na san filin da ruwa ke kwanciya a kansa ko da na gan shi da rani. Amma na san inda sanina ya tsaya. In ciniki ya faɗa, safiyo, wato mai awon fili, shi ne zai sa hannu a taswirar fili, lauya ne zai rubuta takardar yarjejeniya, in kuma banki zai shigo to mai ƙiyasi ne zai faɗi darajar wurin. Ni da na fara shiga ciyawa, hannuna ba ya hawa ko takarda ɗaya. Shi ya sa ranar da yarinyar ta ce mini ita so take wata rana ta sayi babban fili, ta fitar da tituna da magudanan ruwa, ta gina gidajen da ɗan Zango zai iya saya, raina ya yi fari, hankalina kuma ya tashi, don ban san ƙofar da ake shiga ba.

Sakamakonta na WASSCE, jarrabawar gama sakandare, ya yi kyau, jimillarta 11, kuma a wannan lissafin ƙaramar lamba ita ce ta fi kyau. Darussan zaɓinta su ne tattalin arziki, labarin ƙasa, lissafi da ilimin gwamnati. Shawara kuwa ta zo ta ko'ina. Kawunta ya ce ta tafi Legon, wato Jami'ar Ghana da ke Accra, ta karanta lauya. Yayana da ke Jamus ya bugo waya ya ce injiniyan gine-gine kawai. Maƙwabta suka ce mace ai aikin jinya ya fi mata rufin asiri. Kowa da kyakkyawar niyya ya faɗa, sai dai babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa buɗe takardar sharuɗɗan shiga jami'a.

Wani abokin sana'ata ne ya nuna mini wurin. Ɗaki ɗaya ne a saman bene, a kan wani shagon fenti, ba allo ba komai. Dattijon ya roƙe ni kada in sa sunansa a intanet, don haka zan kira shi yadda kowa ke kiransa a unguwa, Baba. Ɗan Zango ne, ya yi karatu a Tek, wato jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah da ke nan Kumasi, ya ƙare aikinsa na gwamnati a ɓangaren ƙiyasin filaye da gidaje. Cikin ɗakin akwai benci biyu, fanka mai ƙara, da tsofaffin taswirori nannaɗe cikin kwali, gefensu ya yi ja don tsufa. Kuɗin da ake biya ya haɗa zama na farko a ofis, fita fili tare da shi, da zama na ƙarshe inda ake jera kwasa-kwasan da za a cike a fom.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai tambayi wace jami'a take so ba. Ya karɓi takardar sakamakon, ya duba, ya kife ta a kan tebur. Sai ya ɗauko farar takarda ya ja dogon layi. A farkon layin ya rubuta ranar da sarki ya ba da fili, a ƙarshensa ranar da aka miƙa wa mai gida makulli. Daga nan ya shiga jera mutanen da ke tsakani: mai awo, mai tsara gari, lauya, mai ƙiyasi, mai zanen gida, injiniya, mai lissafin kayan gini, mai kuɗi. Ya juya mata takardar ya ce, "'Yata, wanda kike so ki zama ba ya cikin jerin nan. Shi ne mai tara su duka ya biya su. Babu jami'ar da ke ba da wannan digirin. Dole ki fara zama ɗaya daga cikinsu, ki ci abinci da shi, ki san sauran, sannan ki tara su. To wanne za ki iya yi shekara goma ba ki gaji ba?"

Yarinyar ta yi shiru, ni ma haka. Duk gardamar da aka yi wata da watanni a gidana a kan sunan makaranta aka yi ta, ba wanda ya taɓa kawo wannan tambayar.

Daga nan ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana haɗa kowane aiki da kwas ɗinsa da inda ake koyar da shi. Mai awo, ya ce, hanyarsa Geomatic Engineering ce, akwai ta a Tek, akwai ta a jami'ar ma'adinai ta Tarkwa, akwai kuma makarantar awo da taswira ta Hukumar Filaye a Accra ga wanda bai kai ga digiri ba. Amma kwasa-kwasan injiniya na Tek na masu kimiyya ne, suna neman fiziks, ita kuwa ba ta yi shi ba. A minti ɗaya shawarar yayana ta faɗi, ba tare da an ɓata wa kowa rai ba. Zanen gidaje ya ce dogon zango ne, shekara 4 na digirin farko sannan 2 na biyu kafin a fara maganar zama ƙwararre. Lissafin kayan gini sana'a ce mai kyau, ya ce, amma a kan ginin take, ba a kan ƙasar ba. Tsara gari ya yaba masa ƙwarai. Akwai kwas biyu a Tek, na tsara matsugunan jama'a da na tsara ci gaba, sai dai mafi yawan masu wannan takarda a majalisun gundumomi suke aiki, su ne masu duba tsarin da wani ya kawo su amince ko su ƙi. Tun dokar 2016 da ta maye gurbin tsohon ofishin tsara birane da LUSPA, hukumar tsara amfani da ƙasa, a hannun majalisun nan izinin yanka fili da na gini ke bi.

Inda ya daɗe shi ne kan kwas ɗin da fom ke kira Land Economy, da ɗan'uwansa Real Estate, dukansu a sashe ɗaya na Tek, cikin kwalejin zane da gine-gine. Ya ce a nan ake koyon ƙiyasin darajar fili da gida, dokar ƙasa, yadda ake rajista, yadda ake kula da gidajen haya, da ɗan abin da ya kamata mutum ya sani na awo da gini da tsara gari don kada a rufe shi. Ya ce in dai burinta tara mutanen nan ne, wannan kujerar ta fi kowacce ganin layin daga farko har ƙarshe, kuma darussan da ta yi na tattalin arziki da labarin ƙasa nan suka dosa.

Dalilin da ya bayar shi ne ya sa na yarda da shi, don abu ne da na gani da idona tsawon rayuwata. A ƙasar nan, ya ce, gini ba shi ke kayar da mai raya fili ba. Takarda ce. Kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙasar Ghana a hannun sarakuna da dangi take, ba a hannun gwamnati ba. A Kumasi kuwa ƙasa ta Kujerar Zinare ce, wato kujerar sarautar Asante, sarakunan unguwanni riƙo suke yi, shi ya sa takardar da sarkin ƙauye ya ba ka ba ta cika ba sai ta bi ta ofishin filaye na Asantehene, sarkin Asante, a fadarsa ta Manhyia, sannan ta je Hukumar Filaye. Tsarin mulkin 1992 ya hana a sayar da ƙasar sarauta sayarwa ta har abada, haya ce mai wa'adi, galibi shekara 99 in gidan zama ne. Baƙo wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa ba ya wuce shekara 50. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da muke da 'yan'uwa masu fasfo ɗin Nijar da Najeriya da Burkina. Har kuɗin hayar ƙasa da ake biya duk shekara tsarin mulkin ya raba shi: a cire kashi 10 na ofishin da ke karɓa, abin da ya rage a ba majalisar gunduma 55, kujerar sarauta 25, masarauta 20. Ni da nake ganin mutane na biyan kuɗin nan shekara da shekaru, a bakin Baba na fara jin yadda ake kasafta shi.

Ya ɗauko kwafin dokar filaye ta 2020, duk ya ja layi a ciki da jan biro. Ya nuna mata inda aka ce wanda ya ɗauki 'yan daba su tsare fili, ko shi ɗan dabar da kansa, ɗaurin shekara 5 zuwa 15 ne. Ya nuna mata inda aka ce filin da aka samu cikin zaman aure ba a sayar da shi sai da yardar abokin zama a rubuce. Sai ya waiwayo gare ni ya ce, "Alhaji, kai ma akwai taka." Wata doka ce ta shekarar, ta dillancin filaye da gidaje, wadda ta kafa majalisar ba dillalai lasisi, ta kuma ce kuɗin ciniki ta banki ko ta waya zai bi, ba a jaka ba. Na daɗe ina jin ƙishin-ƙishin ɗin ta. Ya ce sana'ar da na yi da ƙafa da amana, 'ya'yanmu ba za su iya yin ta ba sai da takarda, kuma gara takardar ta kasance a hannun 'yar gida. Maganar ta shige ni, don gaskiya ce.

Fitar fili ita ce ta fi komai daraja a cikin sidi 200 ɗin nan. Ya haɗa mu da wani tsohon yaronsa, safiyo mai lasisi, da ke yanka wani fili bayan Kenyase. Muka tashi bayan asuba. Baba ya sa yarinyar ta ɗaura takalmin roba, ya ce ba kallo ta zo ba. Safiyon ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku a kan wani tsohon dutsen iyaka na siminti da lamba a jikinsa, ya miƙa mata sandar da ke karɓar saƙon tauraron ɗan'adam, ya ce ta bi yaransa. Na tsaya ina kallon ta tana kutsawa cikin ciyawa har ƙugu, raɓa ta jiƙa mata hijabi, tana ƙoƙarin tsayar da sandar cak har ɗigon ruwan da ke jikinta ya zauna a tsakiya. In ta tsaya daidai sai a kira lamba, yaro ya buga turke. A kusurwa ta huɗu suka tarar da wani dutsen iyaka da aka tuge aka matsar da shi kamar taku shida cikin filin. Ramin da aka ciro shi yana nan, ciyawa ba ta ma rufe shi ba. Safiyon bai ce komai ba, ya ɗauki hoto, ya rubuta a littafinsa. Baba ya ce mata, "Kin ga wannan? Shari'ar shekara goma ce a kwance."

Da rana ta yi muka zauna ƙarƙashin wani mangwaro, ya ba ta lissafi a bayan takarda. Eka ɗaya ƙafa 43,560 ce murabba'i. Fuloti mai ƙafa 80 a 100 kuwa 8,000 ne. In kina da eka 10, fuloti nawa za ki sayar? Ta buga ta ce 54. Ya ce to ina titi, ina kwata, ina filin makaranta, ina gefen rafin can da ba a gini a kansa? Ya ce ta cire kashi 30 cikin ɗari ta sake bugawa. Ya dawo 38. "Fuloti 16 ɗin nan da suka tafi," in ji shi, "su ne bambancin unguwa da matsala. Wanda ya ƙi cire su ya fi ki riba bana, amma shi ya gina wa mutane inda mota ba ta shiga, inda ruwa ke shiga ɗaki." Ba sai an yi wa ɗan Aboabo bayanin wannan ba. Duk damina muna ganin abin da rafin unguwarmu ke yi wa gidajen da aka dasa a bakinsa, muna kwashe katifu muna shanya a kan katanga. A hanyar dawowa yarinyar ba ta yi maganar gajiya ba, tambaya take ta yi a kan wa ke da ikon hana sarki sayar da bakin rafi. A nan na san ba sha'awar baki take yi ba.

Yanzu ga inda ban gamsu ba.

Na farko, Baba ɗan Tek ne har cikin ƙashinsa, kuma hakan na shiga cikin shawararsa. Gaskiya ne makarantar tsohuwa ce, tun 1952 take, kuma kwasa-kwasan fili da gini sun fi taruwa a can. Amma gurbi kaɗan ne, makin da ake yankewa yana sauyawa duk shekara, kuma ba kowane yaro ne zai zo da 11 ba. Sai da na matsa masa sannan ya yi maganar Poli, wadda ta zama jami'ar fasaha ta Kumasi a 2016, ga ta nan kusa da mu ana zuwa da ƙafa, kuma tana koyar da kula da filaye da gidaje, mutum ya yi babbar difloma ta shekara 3 ya ɗora digiri a kai. Jami'ar Wa, wadda aka cire daga jami'ar UDS ta Tamale a 2019, tana da tsangaya guda ta tsara gari da sarrafa filaye, amma da jimla biyu ya wuce ta. Na san yaran da suka fito daga waɗannan wurare suna aiki lafiya lau. Wanda ɗansa ya zo da maki 18 ko 20 ya shiga ɗakin nan, in bai yi tambaya ba zai iya fita yana ganin hanya ta toshe, alhali ba ta toshe ba. Ya kamata Baba ya gyara wannan, don yawancin yaran Zango irin wannan makin suke zuwa da shi.

Na biyu, maganar kuɗin makaranta. Ya bambance mana gurbin da gwamnati ke tallafawa da gurbin da ɗalibi ke biyan cikakken kuɗi, ya gargaɗe mu kada mu cike na biyun da ganganci in ba mu shirya ba. Wannan ya yi kyau. Amma bashin ɗalibai na gwamnati, da tsarin da aka fara a 2025 na ɗauke wa 'yan shekarar farko kuɗin karatu a makarantun gwamnati, duk yarinyar ce ta binciko su a wayarta. Shi bai bi sawun su ba. Mai karɓar kuɗi don ba talakawa shawara bai kamata wannan ya wuce shi ba.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna. Da ya zo kan mai kuɗi a layin nan nasa, duk misalansa na bashin banki ne. Na ce, "Baba, mu fa da ruwa ba ma so mu yi." Ya ce ya sani, shi ma musulmi ne, amma haka kasuwar take, kuma a makaranta lissafin ruwa za a koya mata ko ta so ko ta ƙi, don da shi ake ƙiyasi. Na yarda sai ta koyi lissafin. Abin da ban samu ba shi ne hanyar da za ta bi bayan ta koya. Ko a ajiye maganar addini gefe, wanda ya ga 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, ya ga 2023 da babban banki ya kai ruwansa kashi 30, ya san bashin banki na iya cinye mai gini da ransa. Mu a Zango da wata hanya muke gini: adashi, kuɗin 'yan'uwa da ke Amurka da Italiya da Jamus, da haɗin gwiwa inda mai fili zai sa filinsa, mai kuɗi ya sa kuɗinsa, a raba gidaje. Na so ya zauna da ita a kan yadda ake rubuta irin wannan yarjejeniya ta tsaya a gaban kotu. Ya ce wannan sai lauya da malami. Amsa ce ta gaskiya, amma gajeriya ce ga mutumin da ya san ƙasa kamar shi.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Ba ya riƙe lokaci, in ya ce ƙarfe tara to ka zo da abin karyawa. Matakalar benen tana da tsayi ga tsoho ko mai ciwon gwiwa. Takardar da ya rubuta mana a ƙarshe da Turanci take, mahaifiyar yarinyar sai da aka fassara mata, ko da yake duk bayanin baki da Hausa ya yi shi, in ya zo kan maganar sarakuna ya sa yaren Asante yadda ake faɗa a fada.

A zaman ƙarshe ya yi wani abu da na ga ya dace a yaba. Bai bar ta ta tafi da tunanin cewa digiri ne ƙarshen tafiya ba. Ya lissafa mata: shekara 4 a jami'a, shekara 1 ta bautar ƙasa, sannan ta zauna ƙarƙashin wani ƙwararre ta yi jarrabawar ƙungiyar safiyoyi ta Ghana, wadda aka kafa a 1969, mai rassa uku, na masu awo, na masu lissafin kayan gini, da na masu ƙiyasi. Sai ta shiga nan hannunta zai yi nauyi a kan takarda. Ya ce tun daga hutun shekarar farko ta nemi inda za ta yi aikin koyo, ko a Hukumar Filaye, wadda dokar 2008 ta haɗe ofisoshin awo da rajista da ƙiyasi da filayen gwamnati a ƙarƙashinta, ko wurin wani mai gina gidaje, ko da ba a biyan ta. Ya ce ta koyi zana taswira a kwamfuta da kanta, kada ta jira malami. Ya kuma gargaɗe mu a kan makarantun kuɗi da ke talla a rediyo: kafin a biya ko sisi a duba ko GTEC, hukumar kula da manyan makarantu, ta amince da kwas ɗin kansa, ba makarantar kawai ba, don ana samun makaranta mai rajista tana koyar da kwas marar rajista.

Ya taɓo maganar da ni ban iya tayarwa ba, wato kasancewarta mace. Ya ce fadar sarki da wurin gini duk maza ne suka cika su, za a raina ta da farko, wani zai ce ta kira maigidanta. Amma ya ce ya yi aiki da mata masu ƙiyasi da ba a taɓa mayar musu da rahoto ba, kuma matan Zango masu kuɗi, 'yan kasuwar Kejetia da masu zuwa Dubai, sun fi sakin jiki su damƙa wa mace takardun filinsu. Wannan na san gaskiya ne, don da yawansu ni suke kira, kuma kullum da ɗari-ɗari suke. Game da kwana kuwa ya ce tunda daga Aboabo zuwa mahaɗar Tek tafiyar trotro ce, wato ƙaramar motar haya, ta fara daga gida in ba a samu ɗaki a cikin makaranta ba, don ɗakunan haya na Ayeduase da Kotei kan fi kuɗin karatun kansa tsada. Akwai masallaci a cikin makarantar da ƙungiyar ɗalibai musulmi, wannan ya kwantar wa mahaifiyarta da hankali fiye da duk bayanin doka.

Ga wanda zai je, ya tafi da takardar sakamako ta asali da takardar sharuɗɗan shiga ta shekarar da ake ciki, don Baba ba ya yarda da ta bara. A tafi da yaron da kansa, ba uba kaɗai ba, don ba ya ba da shawara a bayan idon mai karatun. In jimillar ɗanka ta yi yawa, kamar 18 ko 20, kai ka fara tayar da maganar Poli da Wa, kada ka jira shi. Kada kuma a yarda a tsallake fitar fili don sauri. Na ji ya ce akwai yaran da suka dawo daga ciyawar nan suka ce su ba za su iya ba, ya mayar da su wani fanni, kuma a ganina sidi 200 ɗin iyayensu bai faɗi ƙasa banza ba.

Mu dai mun cike Land Economy a zaɓi na farko, Real Estate na biyu, tsara matsugunai na uku, muka kuma sayi fom ɗin Poli don kada a zauna shekara guda a gida. Kafin sunaye su fito, safiyon nan ya yarda ta riƙa bin yaransa duk Asabar. Maganar gini ba da ruwa ba kuwa na kai ta wurin limaminmu, ya ce zai haɗa mu da wani lauya ɗan unguwa a zauna bayan sallar Juma'a.